Na Baro Ƙanena a Filin Jirgin Dubai

Gwaggo MaShandu,

Don Allah ki taimake ni, kuma ki yi haƙuri da tsawon wasiƙar nan. Sau uku ina farawa ina yagewa. Saura kwana goma sha tara a yi wani zama a gidanmu, kuma a zaman nan za a sallami matar ƙanena, a raba ta da 'ya'yanta, a kan laifin da ni na yi. Duk duniya babu wanda ya san haka sai ni. Yanzu kin zama ta biyu.

Ni malamar firamare ce, lissafi nake koyarwa. Ki riƙe wannan, domin nan gaba za ki ga abin kunyar da ke ciki. Gidanmu yana wani ƙauye bayan Nongoma. Mu biyu ne muka rayu cikin 'ya'yan Mama, ni da ƙanena Bhekani, wanda na goya a bayana har kafaɗata ta karkace. Shekara shida da suka wuce ya samu aikin gyaran wayoyin lantarki a Auckland, ya tafi da matarsa Nokwanda. A watan Mayun bara, bayan wata iska mai ƙarfi, ya hau turken wuta a gefen wata hanya kudu da birnin, ya faɗo. Ko asibiti bai kai ba. Gawarsa ta iso bayan sati uku, a ƙasan jirgi tare da akwatunan mutane, Nokwanda da 'yan matansu biyu suna zaune a sama. Muka binne shi kusa da mahaifinmu. Nokwanda ta sa baƙaƙen kaya ta zauna takaba a ɗakin Mama.

Kin san abin da ya rage. Jikinsa ya zo gida, amma kurwarsa tana can inda ya faɗi, sai an je da reshen umlahlankosi, magaryar kura, an ɗauko shi. Aikin maza ne, na sani. To amma duk mazan gidanmu babu mai fasfo, kuma Baffa Mzwakhe, wan mahaifinmu, ko motar haya ya shiga sai ƙafarsa ta kumbura. Ni kaɗai na taɓa fita ƙasa. Da aka ambaci sunana, Baffa ya yi dariya har da tari.

Ya ce, "Wannan? Wannan da ko a coci bakinta ba ya hutawa? Ai kafin su kai Durban ta ba direba tarihin gidanmu kaf, har da launin awakinmu."

Mama ta ce, "Yaya, in kana da wani sai ka kawo shi."

Ba shi da wani. Da tikiti ya fito, ya sa tabarau a kan hanci ya karanta na dawowa, don shi ne mai muhimmanci. Ya ce, "Tashi ranar Talata, takwas da rabi na dare. Sauka Durban ranar Laraba, biyar saura kwata na yamma. Awa ashirin ke nan da 'yan kai. Ni da na ɗauko ubanki daga ramin zinare na Johannesburg, awa goma sha shida na yi a jirgin ƙasa ban ce uffan ba. Ƙarin awa huɗu ba zai kashe ki ba, 'yata." Kowa ya gyaɗa kai. Ni ma na gyaɗa, malamar lissafi.

Baffa ya faɗa mini sharuɗɗan gidanmu a gaban shingen shanu. Daga lokacin da na ɗauke shi, ba zan yi magana da mai rai ba sai na ajiye reshen a kan kabarinsa. Ba zan waiwaya ba. Ba zan yi barci in bar shi shi kaɗai cikin baƙi ba. Kuma duk inda za mu shiga ko mu fita, duk kogin da za mu ƙetare, sai na gaya masa, in kira shi da sunan gidanmu, don kada ya tsaya a baya. A motar haya akan biya wa mamaci kujerarsa. Da Baffa ya ji abin da kujerar jirgi take ci, sai ya ce yaron ai ƙaninta ne, ya zauna a cinyarta.

A tafiya ne na gane kuskuren. Agogon Auckland yana gaban namu da awa goma. Tikiti yana rubuta lokacin garin da ka tashi da lokacin garin da za ka sauka, bai damu da abin da ya ɓace a tsakani ba. Na zauna a ɗakin da aka sauke ni na lissafa a bayan ambulan. Auckland zuwa Dubai awa goma sha bakwai. Jira a Dubai awa huɗu da rabi. Dubai zuwa Durban awa takwas da rabi. Awa talatin ke nan, ban sa hanyar zuwa filin jirgi da jiran tashi ba, ban sa awa huɗu na mota daga Durban zuwa gida ba. Duka ya tasam ma awa arba'in. Gwaggo, wayata tana hannuna. Da na kira Baffa na ce masa lissafinmu ya karye, a sake shawara. Amma dariyar nan tasa tana kunnena. Na ce a raina, sai na nuna wa tsohon nan. Na kashe waya.

Masu binciken kaya a can ba sa barin ɗanyen itace ya shiga ƙasarsu. Sun karɓi reshen cikin ladabi, suka gasa shi a wani injinsu, suka dawo mini da shi bayan kwana biyar. Ganyen ya kakkaɓe, amma ƙayoyin suna nan, ɗaya a miƙe ɗaya a lanƙwashe yadda Allah ya yi su. Wani abokin aikin Bhekani, ɗan ƙasar mai suna Hemi, shi ya kai ni wurin da ya faɗo. Na ɗauka sai na yi ta bayani, sai ya ce su ma ba sa barin matattunsu a hanya. Ya cire hularsa ya tsaya nesa. Wurin ba komai, ciyawa ce da tumaki da turke sabo. Na ja reshen a ƙasa, na ce, "Bhekani, Yayarka ce. Tashi mu tafi gida, Mama tana jira." Daga nan na rufe bakina. Hemi ya zama bakina har ƙofar da ba a bari mai rakiya ya wuce, daga can kuma sai wata takarda da na rubuta da Turanci, cewa ina cikin alkawarin shiru saboda rasuwa.

Awa goma sha bakwai ɗin nan ban san yadda zan kwatanta miki su ba. Jirgin yana gudu yamma, duhu yana biye da shi, gari ya ƙi wayewa. Akwai ɗan allo a bayan kujerar gabana mai nuna inda muke. Ina kallo ina raɗa wa reshen. "Muna kan teku. Mun shiga Ostareliya." Bayan awa uku in sake dubawa, in ce, "Har yanzu Ostareliya ce, ka yi haƙuri, ƙasarsu ba ta ƙarewa." Baturen da ke kusa da ni ya dube ni sau biyu, ya tashi ya nemi wata kujera. Ban ga laifinsa ba. Duk wanda ke jirgin ya yi barci sai ni. In barci ya fara fizgata sai in matse ƙayar a tafin hannu har jini ya fito. Haka na yi, kuma na yi nasara, na sauka Dubai ban runtsa ba, ban ce wa kowa komai ba. A lokacin na haura awa ashirin ɗin da Baffa ya ƙidaya. Da lissafinsa gaskiya ne, da tuni ina gida.

Na gaya wa Bhekani mun sauka. Na gaya masa za mu hau wani ƙaramin jirgin ƙasa na cikin filin. Na nemo ƙofar da jirgin Durban zai tashi, na zauna a kujera ina fuskantarta, safiya ce tangararan, na ce masa, "Nan Dubai ne, za mu ɗan jira, kada ka yi nisa." Ban ƙara sanin komai ba.

Sunana ne ya tashe ni, ana kiransa a lasifika, ana murɗe shi yadda baƙi suke yi. Kujerun duk sun zama fanko. Wata ma'aikaciya tana shirin rufe ƙofa. Na miƙe na ƙwala ihu, "Ga ni, ga ni, ku jira ni don Allah!" Na ruga, sai na ji hannuna wayam. Na waiwaya. Reshen ya faɗi ƙarƙashin kujera. Na koma na fizgo shi kamar wanda ya manta lema, na cusa a jaka, na ba matar haƙuri, na yi mata godiya, har na tambaye ta ko akwatina ya shiga. Sai da jirgi ya ɗaga, na ga rairayi a ƙasa, sannan na tuna ban ce masa ya tashi mu tafi ba. Maganar ƙarshe da na yi masa ita ce ya jira.

Na ciro reshen. Ki ce mini mahaukaciya in kin so, amma tun daga gefen hanyar nan nake jin nauyinsa a cinyata, yanzu kuwa ƙirare ne kawai. Awa takwas da rabi ina kiransa da duk sunayen gidanmu. A Durban ɗan Baffa ya tarye ni da mota, na koma shiruna kamar ba abin da ya faru. A gadar Thukela na ce, "Muna ƙetare kogi," ina gaya wa busasshen itace. Muka isa gida, na shiga shingen shanu, na ajiye shi a kan kabari. Mata suka yi guɗa. Baffa ya ce, "Ashe akwai namiji a cikin matan gidan nan. Na janye maganata." Mama ta kama tafin hannuna ta ga inda ƙaya ta huda, ta sa fuskarta a ciki tana kuka, tana cewa na dawo mata da ɗanta. A nan ya kamata in faɗa. Ban iya ba.

Wata biyu bayan nan Mama ta fara mafarkinsa. Ta ce tana ganinsa zaune a kan kujera cikin kujeru masu yawa, takalmansa a ƙafa, wurin ba rana ba dare, mutane suna wucewa ba mai kula shi. Ranar da ta fara faɗa muna cin tuwon masara da nono, na tashi na fita bayan ɗaki. Sai shanu biyu suka mutu. Sai ƙaramar 'yarsa ta fara ciwon kunne da ya ƙi jin magani. Baffa ya je wurin mai duba, aka watsa ƙasusuwa, aka ce masa yaron bai iso ba, mace ce ta gidan nan ta tsayar da shi a hanya. Ina zaune a wurin da ya kawo labarin. Na jira ido ya juyo kaina. Duk suka juya kan Nokwanda.

A wurinsu maganar ta zauna daidai. Ita ce ta matsa masa ya nemi aikin waje tun farko. Ita ce ta taɓa cewa in ta fita takaba za ta koma can da yaran saboda makarantarsu. Baffa ya ce, "Zuciyarta tana can, shi ya sa ta ɗaure shi a can, don ta je ta same shi." Mama ta daina cin abincin da Nokwanda ta dafa. An ware mata kwano da kofi. An aika wa danginta a Mtubatuba su zo ranar Asabar ta ƙarshen wata su tafi da ita, yara kuwa na gida ne tunda an kai shanun aure.

Makon jiya na je gida na same ta tana wanki a bayan rumbu, ta rame har baƙar rigar tana yawo a jikinta. Ta ce, "Yaya, ke kaɗai ce ba ki canza mini fuska ba. Ke da kika kawo shi da hannunki, ki gaya musu ya iso mana." Na ce ta yi haƙuri. Ta ci gaba da cuɗa rigar yarinya, can ta ce, "Ko dai ni ce ɗin, Yaya? Ina yawan tuna gidanmu na can. In na rufe ido a can nake ganinsa, yana gyara keken yara. Wataƙila ni nake riƙe shi ban sani ba." Gwaggo, ta fara yarda. Na tsaya ina kallonta tana ɗaukar kayana tana ɗorawa a kanta, na taya ta matse zani, na tafi.

Ina tsoro. Mama tana da hawan jini, ni kaɗai na rage mata, kuma ni ce abin alfaharinta a duk ƙauyen. In na faɗa, ban san ko zuciyarta za ta ɗauka ba. Wani lokaci ina ce wa kaina ni mai zuwa coci ce, matattu suna hannun Ubangiji, ba sa zama a filin jirgi. Sai in tuna Bhekani ko layin burodi ba ya iya jira, kuma ni na ce masa kada ya yi nisa. Na yi tunanin in koma Dubai a ɓoye lokacin hutu in ɗauko shi ba wanda ya sani, amma hutu sai bayan zaman. Me zan yi? Akwai hanyar da zan ceci Nokwanda ba tare da na kashe Mama ba?

Taki cikin damuwa,
Malamar da ta kasa lissafi, Nongoma

*

'Yata Malama,

Na karanta wasiƙarki sau biyu, na ajiye, na sha ruwa, na sake ɗauka. Allah ya ji ƙan Bhekani, ya ba ku haƙuri. Ba zan yi miki dariya ba, kuma ba zan lallashe ki fiye da kima ba, domin kwana goma sha tara ba su da yawa.

Bari mu raba abin gida biyu, don ke kin cakuɗa su. Akwai barcin da kika yi a Dubai, akwai shirun da kike yi tun daga ranar.

Barcin ba laifi ba ne da za ki rataye kanki a kai. Tsakanin Auckland da Durban kusan kilomita dubu goma sha biyu ne in an miƙe, hanyar da kika bi kuwa ta kusa ninka haka. Kakanninmu da suka kafa wannan al'ada tafiyar ƙafa suka sani, daga baya jirgin ƙasa daga ramukan zinare. Babu wanda ya tsara ta don awa arba'in. Kuma ki tambayi Baffanki, cikin ladabi, ko shi kaɗai ne a jirgin ƙasan nan. Na tabbata ba shi kaɗai ba ne. Mai riƙe reshe kullum yana da mai rakiya, wanda zai yi magana a madadinsa, ya sayi tikiti, ya zungure shi in ya fara gyangyaɗi. Da aka ɗauko nawa mahaifin, maza uku ne suka je. Ke an tura ki ƙarshen duniya ke kaɗai da takarda a hannu, a kan lissafin da aka yi kuskuren awa goma a cikinsa. Wannan kuskuren na gidan ne gaba ɗaya. Naki kason a ciki shi ne kin gano a Auckland, waya tana hannunki, kika bar zuciya ta hana ki kira. Ki amsa wannan, ba ƙari ba ragi.

Shirun kuwa naki ne ke kaɗai, kuma shi ne yake cin mutum. Na fahimci abin da ya rufe miki baki ranar da Mama ta sa fuskarta a tafinki. Ko ni ce, ban san ko zan iya ba. Amma ranar da mai duba ya ce mace ce ta gidan, aka juya kan Nokwanda, daga ranar ba Mama kike karewa ba, sunanki kike karewa. Kin tambaye ni ko akwai hanyar da za ki ceci yarinyar nan ba tare da kin faɗa ba. Babu. Ko kin koma Dubai a ɓoye kin ɗauko shi, mafarki ya tsaya, za a ce ai don an kore ta ne ya samu hanya.

Ba zan yanke miki hukunci a kan inda Bhekani yake ba. Akwai masu karanta wannan shafin namu da za su ce yana hannun Ubangiji tun ranar da ya faɗo, akwai waɗanda za su ce yana kan kujerar nan, kuma da yawanmu muna ɗauke da duka biyun a ƙirji ɗaya kamar ke. Game da mafarkin Mama, ki tuna shekara biyar ɗanta yana bi ta wannan filin jirgin, kuma zai yi wuya bai taɓa turo mata hotonsa yana jira a can ba. Ban ce wannan ne bayanin ba. Na ce kada tsoro ya hana ki tunani. Abin da na tabbata shi ne inda Nokwanda take: tana bayan rumbu, da kwanonta daban.

Ga abin da za ki yi, kuma a wannan makon. Ki fara da ita. Ki gaya mata komai yadda kika gaya mini, kada ki nemi ta yafe miki a ranar, kada ki yi kukan da zai sa ita ta koma lallashinki. In ta zage ki, ki tsaya ki ji. Ki kuma gaya mata ta adana takardun yaranta a wurinta, ta san cewa shanun aure ba su ba kowa ikon ƙwace 'ya'ya daga uwarsu a gaban doka ba. In abin ya kai can, akwai ma'aikatan jin daɗin jama'a da lauyoyi masu taimako kyauta.

Sai Mama. Ki tabbata ta sha maganinta, ki kira wata dattijuwa da take jin maganarta ta zauna kusa, ki faɗa mata da rana, a ɗaki, ba a gaban taro ba. Kina tsoron gaskiya za ta kashe ta. Ki duba abin da rashin gaskiyar yake yi mata: wata biyar tana ganin ɗanta a yashe ba ta san inda yake ba, tana ƙin abincin uwar jikokinta. In kin faɗa, aƙalla za ta san wurin, kuma wurin da aka sani ana iya zuwa. Za ta iya juya miki baya na wani lokaci. Ki shirya wa wannan, ba zan ce miki ba zai faru ba.

Baffa shi ne na ƙarshe, kafin mutanen Mtubatuba su kama hanya. Ki je masa da tikitin da agogo biyu, ki saita ɗaya da lokacin can ɗaya da na nan, ki nuna masa inda awa goma suka shige, yadda kike nuna wa 'yan aji huɗu. Kada ki je don ki kayar da shi. Ki bar masa ƙofar da zai fita da mutuncinsa, domin shi ne zai faɗi gyaran. Al'adar da ta san ana mutuwa a teku da wurin yaƙi ta san yadda ake kiran wanda ba a iya isa wurinsa ba, kuma ba ke ce ta farko da reshe ya faɗi a hannunta ba. In dattawa sun ce akuya da ban haƙuri a bakin shinge sun isa, to. In sun ce sai an koma, Dubai awa takwas da rabi ce, kuma jirgin dawowa daga wannan filin zai tashi. Ku je ku biyu. Ni da za a tambaye ni, Nokwanda ce ta fi cancanta ta zama bakinki a hanya, in ta yarda, a shigo da shi gida tana gefensa kowa yana gani.

Ki kuma ga likita a kan rashin barcinki, don na ji shi a cikin rubutunki.

An ce ki yi shiru na awa ashirin, 'yata, kika yi abin da ya fi haka kafin jikinki ya gaza. Wannan shirun ya ƙare ranar da kika ajiye reshe a kan kabari. Wanda kike yi yanzu wata bakwai ke nan, ba wanda ya sa ki, kuma ba a filin jirgi kaɗai kika bar mutum yana jira ba. Ɗayar tana da rai, mota ɗaya ce tsakaninku. Ki je ki ce mata ta tashi.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya sanyaya wa Mama, ya bar yaran nan a hannun uwarsu.

Gwaggo MaShandu